Torfi da Tunkiyar da Ta Ƙi Saukowa

Ƙanin matata, Torfi, ya fi kowa tsawo a kwarinsu, ya kuma fi kowa rowar magana. Ni kuwa, Valgeir, an gajarta min ƙafa an tsawaita min baki. Saboda haka tun shekarar da na auri yayarsa Dagny muka raba aiki a dangi ba tare da an zauna ba: shi ne mai sauko da abin da ke saman kabad, ni ne mai yi wa baƙi bayanin abin da ya sauko da shi.

A arewa aka haife shi, a gona ta ƙarshe a kwarin, inda hanya take gajiya ta tsaya. Bayan gidansu babu kowa sai duwatsu. Surukata Steinunn tana cewa har ya kai shekara goma sha biyu yaro ne kamar na kowa. Sai wata bazara aka tura shi yankan ciyawa da wando daidai idon sawu, kafin a gama tara ciyawar wandon ya koma gwiwa. Daga nan bai sake shiga ƙofa a miƙe ba. Har gobe akwai ɗan kwarmi a katakon saman ƙofar kicin ɗinsu, akwai kuma ɗan'uwansa a goshin Torfi.

A ƙasarmu Ayislan ba mu cika mutum dubu ɗari huɗu ba, har da jarirai da waɗanda ke gadon asibiti. Don haka in yaro ya wuce mita biyu ba a tambayarsa ko yana sha'awar ƙwallon kwando. Zuwa ake yi a ɗauke shi, kamar aikin soja a ƙasashen da suke da soja. Malamin wasanni na makarantar garin ya hango Torfi yana loda buhunan taki a babbar mota ba tare da ya taka komai ba, washegari sai ga shi a gidan da ƙwallo a hammata. Uban Torfi yana da rai a lokacin. Ya karɓi ƙwallon ya duba ta gaba da baya, ya tambaya ko ana yin wasan lokacin haihuwar tumaki. Aka ce a'a. Ya ce to a tafi da shi.

Gaskiyar magana, Torfi bai taɓa iya ƙwallo ba. Yadda yake ɗaukar jaririn tunkiya haka yake cafe ta: a hankali, da hannu biyu, ya rungume a ƙirji, ba ya son ba kowa. Gudu kuwa, kafin ya isa wancan kwandon an gama abin da za a yi an juyo, sai su haɗu a tsakiyar fili. Abu ɗaya ya iya, tsayuwa. In ya dasa ƙafa a ƙarƙashin kwando ya ɗaga hannuwa, sai dai ka zagaya ko ka koma gida. Da wannan tsayuwar ya yi wa ƙungiyar garinsu wasa shekara da shekaru. Da asuba ya tuƙa tankar madara gona-gona, da yamma ya je ya tsaya, ƙarshen mako ya koma wurin mamarsa da tumakinta, don bayan rasuwar uban babu wani namiji a gidan. Aure bai yi ba. An ce akwai wata malamar asibiti da ta so shi, ta jira ya faɗi abin da ke ransa har aka yi mata canjin wurin aiki. Ya kai ta tashar mota, ya ɗora mata akwati, ya ce ta kula da hanya akwai santsi.

Ni ma ina cikin harkar ƙwallon, kada a raina ni. Katifa nake sayarwa a Reykjavik, babban birninmu, wuni nake a kwance ina nuna wa mutane yadda ake kwanciya. Amma duk ranar da ƙungiyar ƙasa take wasa, ni ne mai babbar gangar nan a bayan kwando, mai koya wa koci aikinsa da alƙalin wasa dokokinsa. Ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga ba a rayuwata. Wannan bai taɓa hana ni ba da shawara ba.

An sha kiran Torfi sansanin ƙungiyar ƙasa. Ya je, a ba shi kayan atisaye masu tuta a ƙirji, 'yan wasa na gaske su yi ta karo da shi don su saba da dogaye, ranar da za a fitar da sunaye goma sha biyu sai ya zama na sha uku. Koci ya dafa shi a kugu, don nan hannu ke kaiwa, ya ce saura ƙiris. Torfi ya ce ba komai, ya koma tankarsa. Bai taɓa cewa abin yana masa ciwo ba. Dagny ce ta gaya min ta taɓa shiga falon mamarsu ana nuna wasan ƙasa a talabijin, ta tarar da shi shi kaɗai a tsaye ana taken ƙasa, hannu a ƙirji, wuya a karkace don kada ya fasa fitila. Ta ja ƙofar a hankali ta koma kicin.

Sai shekarar da abin mamaki ya faru. Mu da muka saba a lallasa mu, mu yi godiya, mu raka baƙi filin jirgi, sai ga mu a wasannin share fagen gasar Turai muna cin wannan muna ba wancan tsoro. Ya rage wasa ɗaya, a gida, ranar Asabar. In muka ci mun shiga gasar. In aka ci mu, mu koma mu ce ai an gwada, kalmar da duk ɗan ƙasar nan ya iya tun yana goye. A makon ne dogonmu na farko ya murɗe gwiwa, na biyu kuma ya faɗo daga tsani yana yi wa gidansa fenti, domin 'yan wasanmu mutane ne masu gidaje da mata masu cewa a yi fenti kafin sanyi. Koci ya zauna ya lissafa dogayen da suka rage a ƙasar. Ɗaya fasto ne mai furfura. Ɗaya yana cikin jirgin kamun kifi a tsakiyar teku. Na ukun Torfi, da shekara talatin da shida da gwiwoyi masu kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Wannan karon koci da bakinsa ya ce masa akwai riga da sunansa a baya.

Matsalar ita ce mutanen da suke tsara ranakun wasa a can Turai ba su da tumaki. Asabar ɗin ta faɗo tsakiyar makon tattaro dabbobi. Duk bazara tumakin kwarin suna can kan duwatsu suna yawonsu ba makiyayi, in kaka ta yi a hau a koro su kafin ƙanƙara, kuma kowane gida mai tumaki dole ya ba da mutum. Ba a aika uzuri. An taɓa ɗaga aure a kwarin nan saboda wannan makon, an taɓa jinkirta jana'iza. Gidan Steinunn mutum ɗaya ke gare shi, kuma tun yana saurayi bai taɓa fashi ba.

Ran Lahadi muna teburin surukata, tana yanka cinyar rago, Torfi ya ce ya gaya wa koci zai yi tunani. Duk wanda ya san shi ya san ya gama tunanin, a'a ce kawai take neman hanyar fita. Steinunn ba ta ce je ka ba, ba ta ce zauna ba, ta dai ci gaba da yanka naman sirara-sirara har ana ganin faranti ta cikinsa. Shirun ya yi min yawa. Ni shiru ƙaiƙayi yake sa ni. Sai na ji wani ya ce, "Ni zan hau a madadinsa." Na waiga in ga wane wawa ne, na tarar kowa ni yake kallo.

Dagny ta ajiye cokali ta tambaye ni yaushe rabona da doki. Na ce ranar bikinmu na shafa wani. Steinunn ta dube ni tun daga sanƙo har tumbi, irin duban da take yi wa rago kafin ta ce a ajiye ko a yanka, sannan ta ɗauki waya ta kira Ketill.

Ketill shi ne sarkin dutse, wato wanda kwarin ya ɗora wa jagorancin masu hawa, a can sama maganarsa ce doka. Tsoho ne busasshe kamar kifin da muke ratayewa a iska. Ya zo da yamma, ya sha gahawarsa a tsaye, ya zagaya ni yana dubawa. Ya ce shi Torfi mutum biyu yake lissafa shi, don daga inda yake tsaye yana hango bayan tudu. Ni kuwa in ya lissafa ni rabi ya yi wa Steinunn kara. Amma ya ce shi ma ɗan ƙasa ne, yana da rediyo. Ya yarda, da sharaɗin dokin Torfi da karen Torfi su zo tare da ni, don a samu masu hankali biyu a layina.

Bayan ya tafi Torfi ya ja ni garken dawaki. Ya yi ta nuna min yadda ake ɗaura sirdi har ya ga ba amfani, sannan ya yi jawabi mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. A kan Mora ne. Mora tunkiya ce mai ruwan ƙasa, doguwar ƙafa, ba nama ba kitse, daga irin nan da muke ajiyewa don kai ba don tukunya ba. Ita ke gaban garke, ita ta san hanya, tana jin ƙanƙara tun kafin masu hasashen yanayi su ji. Ita ce ta ƙarshe da ubansa ya raɗa wa suna. Ta tsufa, bana kuma tana da 'ya'ya biyu a bayanta.

"In ka gan ta kada ka nufe ta kai tsaye, ka zagaya ta samanta," ya ce. "In wani abu ya same ta ka kira ni. Zan taho."

"Ko kana fili?"

"Ko ina fili."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ranar Alhamis muka hau. Ba zan ba da labarin abin da sirdi ya yi wa mazaunaina ba, akwai yara masu karatu. Dokin Torfi ya saba da mutumin da ƙafafunsa ke kusan jan ƙasa, ya yi ta waigowa yana neman sauran mahayinsa. Karen kuwa ya shinshine ni ya koma wurin Ketill, bai sake kula ni ba. Aikin a baki mai sauƙi ne: a jeru a faɗin dutsen, kowa yana hango na damansa da na hagunsa, a riƙa gangarowa tare ana ihu, tumaki suna gudu gaba. Ihu dai na iya. Sai dai in mutanen kwarin suka yi, tumaki su zabura. In na yi, su ɗago kai su saurara har in gama, su ci gaba da kiwo, kamar masu shigowa shago ba da niyyar saye ba.

Kafin mu isa bukkar da ake kwana, sunana ya koma Katifa. Aka ci busasshen kifi da man shanu, aka sha miyar nama, kwalba ta zagaya, kowa ya ba da gudummawarsa a kaina. Wata mata mai kiwon dawaki ta tambaye ni ko a shagonmu akwai wadda ake ɗaura wa sirdi. Wani ya ce a daina tsokanata, ni ne mutum na farko a tarihin kwarin da ya zo tattaro tumaki da man shafawa na fuska. Na rama daidai gwargwado, don a zaune babu mai kayar da ni. Zaman ne dai ba ya yiwuwa.

Ran Juma'a da hantsi na gan ta. Tana tsaye a bakin wani kwazazzabo, 'ya'yanta a gindinta, mace da namiji, tana kallona kamar ta san ni a wani wuri kuma ba ta ji daɗin haɗuwar ba. Na tuna maganar Torfi sarai. Na dubi hawan da zan yi in zan zagaya ta sama, na dubi ƙafafuna, na ga ai tsakanina da ita bai fi jifa ba. Na ce wa kaina tunkiya ce fa, ni kuwa na taɓa sayar wa mai gadin dare katifa mafi tsada a shago. Na nufe ta kai tsaye ina mata magana mai daɗi.

Ta bari na matso har ina ganin ƙwayar idonta. Sannan ta juya ta haye kwazazzabon ta inda ko akuya sai ta yi shawara, 'ya'yan na biye, suka shige cikin gajimaren da ya sauko kan dutsen. Na tsaya da hannu a miƙe. Daga can nesa Ketill ya sauke madubin hangen nesansa ya juya min baya, ni kuwa da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ya cire mutane daga layi suka bi ta har yamma, ko kashinta ba su gani ba. Rediyo kuma ya ce ƙanƙara za ta sauko daren Asabar, mai yawa. A bukka ranar babu wanda ya tsokane ni. Matar nan mai dawaki har miya ta ƙara min.

Waya ba ta kamawa a can sai a kan wani tudu kusa da bukka, shi ma sai ka juya wa iska baya. Ran Asabar da tsakar rana, bayan mun kora garken cikin shingen da ake tara su, ni da Ketill muka hau tudun don jin labarin yanayi. Wayarsa ta yi ƙara a hannunsa. Ya duba, ya nuna min sunan: Torfi. Mu biyun mun san yadda abin yake: daga Reykjavik zuwa kwarin tafiyar rabin wuni ce. In Torfi ya ji yanzu, zai ajiye riga ya kama hanya, ya iso gindin dutse da sauran haske. Wasa kuwa sai yamma.

Ketill ya ce shi bai taɓa yi wa makiyayi ƙarya a kan dabbarsa ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Wayar na ta kuka. Sai ya miƙo min.

"Katifa, tun shekaranjiya nake neman amfaninka a dutsen nan. Ga shi ya zo."

Na karɓa na gyara murya, muryar shago. Na ce lafiya lau, yanayi kamar mu muka yi oda, doki ya zama aminina. Ina jin dukan ƙwallaye a bayansa da kukan takalma a kan katako. Ya bari na gama, ya ce, "Mora fa?"

"Mora? Ai ita ta fara saukowa. Gaban dokina ta shiga kamar mai zuwa coci. Yanzu haka tana cikin shinge da 'ya'yanta."

Da na tsaya nan wataƙila da na tsira. Amma ni ban taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Na ƙara da cewa har ta tsaya na sosa mata kunne.

"Ta bari ka taɓa ta."

"Har hannu ta lasar min."

"Valli," ya ce, yadda 'yan gida ke gajarta sunana, "ni ma sai da igiya."

Na ji kamar in miƙa wa doki wayar. Ya tambaya wane kwazazzabo, na faɗa. Ya tambaya ta sama na bi ko kai tsaye, na ce ai ya sani. Ya tambaya yaushe ƙanƙara, na ce da dare. Sannan na yi abin da ban saba ba, na yi magana ba ado. Na ce masa tun yana yaro ake kai shi bakin ƙofar nan ana rufewa, yau ta buɗe, kuma ba za ta sake buɗe wa mai shekarunsa ba. Na ce ya shiga ko na minti ɗaya ne. Na ce ni zan koma in nemo ta ko da rarrafe.

"Kada ka koma," ya ce. "Za ka ƙara kora ta sama."

Ya kashe wayar.

Ketill ya tambaye ni zai taho ne ko zai zauna. Na ce ban sani ba. Muka kira, ba ya ɗauka. Mai tuƙi ba ya ɗaukar waya, mai shirin wasa ma haka. Na kira Dagny, wadda na bar wa gangata, ta ce ita tana layin shiga, ba ta ga kowa ba, me na yi kuma?

Da yamma ta yi duk wanda ke dutsen ya hau tudun nan. Aka ɗora rediyon Ketill a kan sirdi, muka kewaye shi muna kare shi daga iska kamar wuta. Sama ta yi baƙi ta arewa. Mai sharhi ya fara kiran sunaye, yana jan kowanne kamar a kan tsawon suna ake biyansa. Ya kira biyar na farko, ya shiga 'yan benci. Ana gab da ƙarshe rediyon ya koma shuuu. Ketill ya daka masa duka, ya dawo daidai lokacin da mutumin yake cewa, "...da Torfi, direban tankar madara daga arewa, wanda yau ne karonsa na farko."

Babu wanda ya yi ihu. Ketill ya fyace hanci ya ce iskar nan ba ta da kirki.

Rabin farko Torfi bai taka fili ba. Baƙin suna da wani ƙato da ke wasa a manyan ƙungiyoyi, yana ɗibar maki a kan yaranmu son ransa. Bayan hutun rabin lokaci wanda ke tsaron ƙaton ya cika laifuffukansa aka fitar da shi. Koci ya duba benci, babu sauran dabara. Muka ji filin ya ɗauki sowa, har ina jin gangata ana dukanta ba bisa ƙa'ida ba.

Na saurari wasanni da yawa, ban taɓa jin sharhi irin wanda ya biyo baya ba. "Ƙaton ya juya dama, Torfi yana tsaye. Ya juya hagu, Torfi yana tsaye. Ya sa masa kafaɗa. Jama'a, har yanzu yana tsaye." Mutumin ya saba da masu tsalle da zarar ya yi kamar zai jefa. Torfi kuwa ba ya tsalle, gwiwoyin ba su yarda ba. Haushi ya kama ƙaton, ya koma jifa daga nesa yana ɓararwa, yaranmu suna kwashewa da gudu. Muka rage tazara, muka kamo su. Can wani ya ba Torfi ƙwallo bisa kuskure, ya rungume ta a ƙirji, ƙaton ya kai masa gwiwar hannu a hanci. Alƙali ya busa: jifa biyu daga layi, da auduga a hanci.

Ta farko, in ji mai sharhi, ba ta taɓa kwando ba, ba ta taɓa allon da ke bayansa ba, ta dai taɓa wani mai ɗaukar hoto. Ta biyu ta daki allo da ƙarfin da ya isa fasa taga, ta dawo ta zagaya bakin kwando tana shawara, sannan ta faɗa. Maki ɗaya. Ba shi ya ci mana wasan ba, kada wani ya ce na ƙara gishiri. Yaran da suka iya ne suka ƙarasa aikin, da tazarar da ta fi ɗaya. Amma mun ci. Mutanen da ban taɓa ganin haƙoransu ba suka rungumi juna a kan tudu, aka ɓarke da waƙa, tumaki a shinge suka amsa. Wani ya sumbaci sanƙona, har yau ba a gano ko waye ba. Kafin mu gangara bukka ƙanƙara ta fara sauka.

Dagny ta ce 'yan jarida sun neme shi ba su gan shi ba. Ko wanka bai tsaya yi ba, ya ɗora rigar ulu a kan rigar ƙasa ya shiga mota, ya kwana yana bin bayan motar share ƙanƙara. Mu kuwa gari na wayewa muka fita neman Mora, ƙanƙara har gwiwa, gwiwar mutane, ni cinya. Ketill ya sa ni riƙe dawaki, aikin da ake ba wanda ba a so ya taimaka.

Da hantsi sai ga wani abu dogo yana hawowa daga kwari a ƙafa. Torfi ne, hanci ya kumbura kamar dankali, rigar wasa tana leƙowa ta ƙasan rigar ulu. Mutane suka taso za su rungume shi, ya ce a daina neman Mora. Da ya isa gida da asuba ya tarar da ita a ƙofar garke. Ta sauko da kanta ta wata hanya tun kafin ƙanƙara, tana jiran a buɗe mata. Macen tana tare da ita. Namijin babu.

Ya karɓi karensa, wanda ya manta da Ketill nan take, suka hau kwazazzabon su biyu. Sai yamma suka dawo, ba komai. An sake hawa daga baya don kwaso waɗanda suka ɓace, ba a gan shi ba. Sai da ƙanƙara ta narke wani ya ga ulu da ƙashi a ƙasan gangare, da lambar kunne ta gidan Steinunn. Surukata ba ta taɓa ce min komai a kai ba. Kawai dai tun daga lokacin, in ana rabon nama a teburinta, ni ake ba wuya.

Gasar kanta bai je ba. Mai gwiwa ya warke, mai fenti ya gama fentinsa, aka koma ga masu iyawa. Lokacin da ake buga ta yana kan dutse, ni kuma ina gindin dutse ina dafa wa masu saukowa gahawa, muƙamin da Ketill ya ce zan riƙe har mutuwa. A shekarar ya daina wasa. Har yanzu yana tuƙa tankar. Manoma kan tsayar da shi su ce ya ba su labarin jifan, ya ce ai sun ji a rediyo, ya ja tiyonsa.

Sau ɗaya na tambaye shi. Muna gyaran shinge ne, ni ina riƙe ƙusa shi yana sauran aikin. Na ce tsakaninsa da Allah, da ya san yadda za ta ƙare, zama zai yi ko tahowa? Ya gyara zaman katakon.

"Ragon mai kyau ne," ya ce. "Da ya rayu da ya gaji kan uwarsa."

Ya buga ƙusar, ya miƙo hannu in ba shi wata.

"Amma ta shiga, Valli. An ji ƙarar allon a rediyo?"

Na ce har tumaki sun ji. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga guduma, ya ce in janye yatsana.